Matakala Biyu a Gidan Sonaullah

A unguwarmu ta Rainawari, in ɗa ya bugo wa ubansa waya daga nesa ya ce a gyara kaini, ba ya bukatar ƙarin bayani. Kowa ya san abin da ake nufi: yaro zai dawo gida. Fili ya ƙare mana a birnin Sirinagar na Kashmir tun zamanin kakanni, gidaje sun matse juna har maƙwabci na jin tarin maƙwabci, don haka gida a nan ba ya faɗi, sai dai ya yi tsawo. Kaini shi ne sararin nan na ƙarƙashin rufin kwano, inda muke jibge gawayin sanyi da busasshen ganye da duk tarkacen da zuciya ta hana a zubar. Ranar da ka ga an share shi ana kafa masa bango da taga, to masu cin shinkafar gidan za su ƙaru.

Shi ya sa da Aijaz ya bugo daga Bangalor wata Laraba bayan la'asar ya ce, "Baba, ina so a mai da kaininmu bene sosai, ɗaki biyu da banɗaki," Sonaullah Tantray bai tambayi dalili ba. "To" kawai ya ce, har sau uku. Ya ajiye wayar. Ya zauna a bakin matakala ya daɗe yana murmushi shi kaɗai kamar zautacce.

Ba laifinsa ba ne. Shekara huɗu ke nan da rasuwar matarsa Fazi, shekara goma sha ɗaya da tafiyar Aijaz, ɗansu tilo. Gidan hawa biyu ne, amma Sonaullah ya tattara ya koma ɗakin girki na ƙasa. Nan yake ci, nan yake kwana, nan yake salla in gwiwa ta hana shi masallaci. Da can gyaran mayafan ulu ce sana'arsa, yana toshe ɓarnar asu da allura har mai mayafi ya rasa inda ramin yake, sai ido ya gaza ya ajiye. Yanzu yakan wuni bai yi magana da kowa ba sai mai tandar gasa gurasa, shi ma "ba ni" da "ungo" ne. Jikarsa Insha ta shekara biyar a duniya, sau biyu ya taɓa ɗaukarta.

Bayan kwana biyu takarda ta iso ta waya, mai shagon hoto ya buga masa ita. Turanci ce zalla. Sai ya nufi bencin da ke gaban tanda, inda Subhan Wagay yake zama kullum yana gyara wa duniya zama da baki. Subhan ya yi shekara talatin a aikin kwana-kwana kafin ya yi ritaya, girarsa ta hagu ta ƙone tun yana saurayi ba ta sake tsirowa ba, abin da ya sa kullum fuskarsa take kamar ta wanda bai yarda da maganarka ba. Tun suna yara suke tare, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

"Sona Kak," in ji Subhan, don haka unguwa take kiran Sonaullah, "wa ya kai ka ƙara? Na ga takarda a hannunka."

"Karanta mini, sarkin surutu. Aijaz ne ya aiko. Zai dawo."

"Da bakinsa ya ce zai dawo?"

"Ya ce a gyara kaini. Kai a wane gari aka haife ka?"

Subhan ya miƙar da takardar nesa da idonsa. Ya ɗan jima a samanta leɓensa na motsi ba sauti, sannan ya yi gyaran murya ya sauko ƙasa ya fara fassarawa. Sharuɗɗan kiyaye gobara ne, guda goma sha ɗaya. A faɗaɗa matakalar ciki, a kewaye ta da bango, a sa mata ƙofa mai nauyi mai rufe kanta. A kafa wata matakalar ta ƙarfe ta waje, daga sama har tsakar gida. Taga ta zama babba yadda ƙaton mutum zai iya fita, kuma kada a sa mata sandunan ƙarfe. Bango na farin allon da wuta ba ta ci, ba katako ba. Wayar lantarki duk a cikin bututu. Ƙararrawa mai jin hayaƙi a kowane ɗaki, jan tulun kashe wuta a kowane hawa. Gawayi ya bar saman gidan gaba ɗaya, kuma ba a hawa da kangiri.

Nan Subhan ya ɗago kai. Kangiri ɗin nasa yana cikin babbar rigarsa a lokacin, ɗan kaskon garwashin nan cikin kwandonsa, ya rungume shi a ciki kamar kowane ɗan Kashmir mai hankali. "Ba a hawa da kangiri? Yaronka ya manta abin da ya raya shi?"

"Kai fa ka sha gaya mana kangiri da gawayin kaini ne suka cinye rabin unguwar nan."

"Na faɗa, kuma gaskiya ne. Mace ta ƙona ganye ta yi gawayi, ta yayyafa ruwa ta ce ya mutu, ta ɗura a buhu ta kai sama. Kwana biyu yana ci a ciki ba wanda ya sani. Lungunmu kuwa mota ba ta shiga, sai mu ja tiyo da ƙafa muna haki, kafin mu iso gida huɗu sun tafi." Ya ninke takardar ya miƙa masa. "Sharuɗɗan ba su da laifi. Ko ɗaya."

"To me ya sa kake kallona haka?"

"Girata ce, ka san ta."

Aka fara aiki da shigowar bazara. Sonaullah ya ƙi yarda kowa ya share masa kaini, shi ya hau da kansa, kwana shida yana yi yana hutawa. Buhunan gawayi ya raba wa maƙwabta. Igiyoyin busasshiyar kabewa da gauta da Fazi ta rataya a kakarta ta ƙarshe suna nan a jikin azara, sun yi baƙi sun ƙanƙance, da ya taɓa ɗaya sai ya marmashe a hannunsa. Ya tsaya da garin a tafinsa bai san inda zai zuba ba. Kewarta ta taso masa a wurin har ya zauna a kan ƙura ya yi kukansa, ba mai ji balle ya ba shi haƙuri. Da ya gama ya share fuska da hannun riga ya ce wa azarar, kamar Fazi ce a gabansa, "Jikarki ce za ta kwana a nan, sai ki yi haƙuri."

Kafinta, Wosta Kadir, mutum ne mai ganin duk abin da ubansa bai yi ba bidi'a ce. Ya so ya lulluɓe bangon da katako mai ƙamshi, ya cusa garin katako a tsakani don ɗumi, yadda aka saba.

"Sona Kak, wannan farin allon na asibiti ne. Wa zai kwana a cikinsa ya yi mafarki mai daɗi?"

"Takarda ta ce allo."

"Takarda ba ta san sanyin Janairu ba."

"Ɗana ya san shi. Sa allo, Wosta."

Haka ya riƙa yi da kowane layi, yana bin sa kamar karatun farilla. Matakalar waje ba ta da wurin sauka sai kan 'yar gonar ganyen miya da Fazi ta kafa a tsakar gida. Ya dubi gonar, ya dubi takardar, ya ce a zuba siminti. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, maganar taga. A nan ba a barin tagar bene ba ƙarfe in akwai yara a gida. Ya buga wa Aijaz.

"Tagar nan ta yi girma, ɗana. Yaro in ya leƙa zai iya faɗowa. Ko sanda uku a sa."

"A'a Baba, ko ɗaya. In wuta ta tare matakala, ta nan za a fita. Mai dubawa ba zai sa hannu ba in ya ga ƙarfe."

"To ƙaramin yaro fa?"

"Ina cikin taro, Baba. Ka bi takardar kawai, don Allah."

Sonaullah ya bi takardar, amma ya sa Wosta Kadir ya ɗaga sakatar tagar sama, inda hannun 'yar shekara biyar ba zai kai ba ko ta taka matashi. Ya auna da igiya, ya tuna tsayinta a hoton Sallar bara, ya ƙara taƙi ɗaya saboda yara suna girma ba shawara. Ya riƙa gaya wa duk wanda ya tsaya kallon aikin cewa Aijaz tsoron wuta yake yi saboda 'yarsa. Yana faɗa yana jin daɗi, don a ganinsa ba wanda yake tsara irin wannan kariya sai ga abin da yake so.

Ranar da aka kusa gamawa, mai lantarki ya rataya abu na ƙarshe a saman ƙofar da ke fita matakalar waje: koriyar fitila mai hoton mutum yana gudu. A ranar ce Subhan ya hau ya ga aikin. Ya ƙwanƙwasa bango, ya saki ƙofar ya ga ta rufe kanta, ya ɗaga jan tulun ya duba, yana gyaɗa kai. Da ya zo ƙarƙashin koriyar fitilar sai ya tsaya.

"Sona Kak, zan faɗi magana, in ka ga dama ka zage ni."

"Yaushe ka fara neman izini?"

"Shekara talatin ina shiga gidajen mutane. Ban taɓa ganin uban da ya rataya wa ɗansa fitila don ta nuna masa ƙofar fita ba. Ɗan gida ya san ƙofa ko ido rufe. Wannan baƙo ake yi wa."

"Me kake nufi?"

"Akwai layi biyu a saman takardar nan da ban karanta maka ba ran nan. Na ga fuskarka ne na kasa. Ka zauna in karanta maka yanzu, ko ka buga ka tambaye shi."

Sonaullah bai zauna ba. Da ya zauna ya saurara, da ya huta da wata biyu na jira. Amma mutumin da aka taɓa masa abin da yake tsoro ba ya neman gaskiya, wurin da zai rama yake nema, kuma ya san inda na Subhan yake. Babban ɗan Subhan yana Dubai, shekara uku ko gaisuwar Salla bai aiko ba.

"Riƙe layinka biyu," in ji shi. "Baƙin ciki ne ke cin ka. Nawa ya ce a gyara masa ɗaki, naka ko lambarka ba ya da ita."

Subhan ya juya masa baya. Ya gyara kangirinsa, wanda ya hau da shi duk da takarda ta hana, ya tura ƙofar ya sauka ta matakalar waje yana riƙe ƙarfen da hannu ɗaya. Shi ne mutum na farko da ya taka ta.

Daga ranar Sonaullah ya daina bi ta gaban benci. Yakan fita sayen gurasa tun kafin Subhan ya fito, ya dawo ya rufe ƙofa. Waya tana aljihunsa, tambayar ba ta fi kalma huɗu ba, amma bai yi ta ba. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Maimakon haka sai ya shiga shiri. Ya sayo katifa babba da ƙarama. Ya ɗauko wani tsohon mayafin Fazi da asu ya ɓata, ya zauna bakin taga da tabarau biyu a hanci, sati uku yana lalube da allura har ya toshe ramukan, ya yanke shi daidai gadon yarinya. Da yamma yakan hau sama ya zauna a ɗakin da ya fi samun rana, ya saurari shirun. Wani lokaci yakan danna maɓallin ƙararrawar hayaƙi ta yi ƙara, wai yana gwada ta ne.

Aijaz ya iso da faɗuwar ganye, ranar wata Litinin da hantsi. Sonaullah yana tsaye a bakin lungu tun bayan asuba. Ya ga ɗansa ya sauko daga mota, ya ƙara ƙiba, gashinsa ya fara ja da baya. Ya ci gaba da kallon ƙofar motar yana jira, har direba ya ja ya tafi. Jaka ɗaya ce a kafaɗar Aijaz, irin ta mai kwana biyu.

"Ina mutanen?"

"Makaranta, Baba. Ba a yi hutu ba. Suna gaishe ka."

Ya ce a ransa, ai haka ne, mutum yakan zo ya duba wuri tukuna. Ya dafa shayin gishiri a babbar butar tagulla, ya kawo gurasa mai zafi. Aijaz ya sha rabin kofi a tsaye ya ce su hau, don mai dubawa daga ofishin kwana-kwana zai zo da azahar.

A sama Aijaz ya yi ta murna. Ya shafa bango, ya leƙa banɗaki, ya buɗe taga ya ɗauki hoton tafki da duwatsun da ake hangowa. "Baba, ka yi ƙoƙari wallahi. Ko ni ne a nan ba zan yi kamar haka ba." Sonaullah ya ji daɗi har kunnensa ya yi zafi. Sai yaron ya buɗe jakarsa ya fito da wasu lambobi biyu na tagulla da ƙusoshi, ya ɗora ɗaya a ƙofar ɗakin rana yana neman tsakiya.

"Mene ne wannan?"

"Lambar ɗaki. Wannan na ɗaya, wancan na biyu."

"Wa zai ɓata tsakanin ɗaki biyu a gidan ubansa?"

Aijaz ya juyo da ƙusa a baki. Ya cire ta a hankali. Idonsa ya sauka kan ƙaramar katifar da mayafin da ke shimfiɗe a kanta, ya daɗe a wurin.

"Baba, ba a karanta maka takardar ba? A samanta aka rubuta. Sharuɗɗan rajistar masaukin baƙi ne, na masu zuwa yawon buɗe ido. Ai na ɗauka ka gane tun farko."

"Ka ce a gyara kaini."

"Na ce."

"A garin nan in ɗa ya ce a gyara kaini..." Bai ƙarasa ba, don ya ga a fuskar ɗansa cewa yaron ya sani, ya manta ne kawai, yanzu ya tuna.

Aijaz ya zauna a gefen babban gadon. Ba mugun yaro ba ne, kuma da mugu ne da abin ya fi sauƙi. Ya yi ta bayani muryarsa ƙasa ƙasa. Aikinsa yana can, aikin matarsa yana can, Insha ko harshenmu ba ta ji. Kullum yana kwana da tunanin ubansa shi kaɗai a ƙaton gida. "Na ga in akwai baƙi, gidan zai yi motsi. Za ka samu masu gaishe ka da safe, ka ba su labarin unguwa. Za a samo mai share-share. Don kai na yi, Baba, wallahi don kada ka zauna shiru."

"Su baƙin, kwana nawa suke yi?"

"Biyu, uku. Wasu su tafi, wasu su zo."

Sonaullah ya gyaɗa kai. Ya so ya yi fushi, ya laluba bai samu ba. Abin da ya samu kunya ce, irin ta wanda ya yi ado ya je biki ya tarar ba ranar ba ce. Ya durƙusa ya naɗe mayafin, ya rungume shi a ƙirji, ya rasa inda zai kai shi, ya tsaya da shi a hannu.

Ana haka aka yi sallama daga ƙasa. Mai dubawa ne, wani matashi mai ladabi da allon rubutu a hannu. Ya cire takalmi ya hau. Ya auna faɗin matakala, ya saki ƙofa ya ƙirga daƙiƙun da ta ɗauka kafin ta rufe, ya kunna ashana ya busa hayaƙin ga ƙararrawa har ta yi kuka, ya sauka ta waje ya sake hawowa. A taga ya ɗan yi turus.

"Sakatar nan ta yi sama. Gajeren mutum zai sha wuya in yana sauri. A sauko da ita."

"Za a sauko da ita yau," in ji Aijaz, bai dubi ubansa ba.

"In ban da ita, ban ga gyara ba. Tantray sahib, gidaje da yawa nake shiga, da wuya in ga wanda aka bi kowane layi haka. Duk wanda ya kwana a nan ya kwana lafiya." Ya juya shafi. "Saura tambaya ɗaya, don mu san adadin da za mu nema in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye. Baƙi huɗu a sama, na rubuta. 'Yan gida fa? Mutum nawa ne suke kwana a nan kullum?"

Sonaullah ya dubi ɗansa. Ya ba shi lokaci, ya jira har shirun ya yi tsawo, har matashin ya ɗago kai daga allonsa. Aijaz yana kallon lambar tagullar da ke hannunsa.

"Ɗaya," in ji Sonaullah.

Mai dubawa ya rubuta, ya miƙo masa biro ya nuna masa inda zai sa hannu.